“Shigo da Abinka”: Takalmin Baƙo da Shimfiɗar Mai Gida

Ranar sunan jikar yayana a Tudun Wadar Gusau, kusa da ƙofar falo na samu wurin zama, don haka duk mai shigowa sai ya bi ta gabana. Cikin waɗanda suka zo barka, mutum biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko wani dattijo ne da ya yi sammako daga wani ƙauye a yankin Maru, abokin marigayi mahaifinmu. Tun daga bakin ƙofar gida ya tuɓe takalminsa na roba ya riƙe a hannu, ya tako simintin tsakar gida da rana ta riga ta gasa, har ya iso. Yayana ya miƙe yana cewa, “Haba Baba, da ka bar su, ƙasa da zahi.” Dattijon ya ce, “A’a ɗana, gidan mutane ne.”

Na biyu babban mutum ne, tsohon darakta, ya zo da rakiyar mutum uku. Ya ɗan sunkuya kamar zai kwance igiyar takalmi, sai yayana ya yi wuf ya ce, “Ranka ya daɗe, shigo da abinka, ba komi.” Bai jira an maimaita ba. Ya taka kafet har tsakiyar falo ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Masu rakiyarsa kuwa duk sun bar nasu a waje.

Bayan la’asar, da taro ya watse, matar yayana ta fito da tsintsiya ta ga sawu shar a kan kafet. Ta ce, “Wa yash shigo man da takalmi? Nan hwa yara ka rarrahe, nan ake cin abinci.” Yayana ya ce, “Ni nac ce ya shigo da su.” Ta dube shi ta ce, “Alhaji, kai kac ce, shi kuma sai ya yarda?”

Na daɗe ina juya wannan tambaya tata. Ba ta musa cewa mijinta ya ba da izini ba. Mamakinta shi ne a ce akwai Bahaushen da zai ji wannan magana ya ɗauke ta a matsayin izini.

A tsohon gidan Bahaushe wannan rigima ba ta da wurin tsirowa, domin ginin da kansa yana gaya wa baƙo inda zai tsaya. Ka shigo zaure da takalminka, ba wanda zai kalle ka. Idan kana cikin waɗanda ake bari su wuce, ka ratsa shigifa ka fito tsakar gida, har yanzu takalmi na ƙafarka, kuma haka ya kamata, saboda can akwai awaki da kaji da tokar murhu da ruwan wanke-wanke. Sai a bakin ɗaki ake tuɓewa. A zauren ma, wurin da ake tuɓewa shi ne gefen tabarmar mai gida. Je ka majalisar dattawa a gindin darbejiya a Kanwuri ko a kowane ƙauye, ba rufi, ba bango, ba ƙofa, amma za ka ga takalma jere a bakin tabarma. Ashe ƙofa ba ita ce iyakar ba. Iyakar ita ce shimfiɗa.

Dalili kuwa a fili yake. Ga mutanenmu ƙasan ɗaki ita ce kujera, ita ce teburin cin tuwo, ita ce gadon baƙo, kuma ita ce masallacin matan gida. Inda mutum zai aza goshinsa ya kuma aje akushinsa, ba ya son a kawo masa abin da aka kwaso daga bakin kwata. Kafin siminti ya wadata, ƙasan ɗakin amarya daɓe ake yi mata: mata su taru da madaɓai, a zuba tsakuwa da ƙasa, ana yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ana bugu ana waƙa har ya yi sulɓi ya yi ja. Macen da ta wuni tana wannan aiki ba sai an karanta mata wani littafi ba kafin ta san cewa takalmi mai ƙusa ko mai tsini abokin gabar ɗakinta ne. Ga shi kuma baƙo namiji a da ba ya wuce zaure, sai muharrami. Waɗanda ke kai wa bakin ɗaki ’yan gida ne da mata, su kuwa tun suna yara aka rene su da dokar.

Abin da ya rikita lissafin shi ne falo. Gidajen da ake ginawa yanzu a Samaru da Damba da sauran sababbin unguwannin Gusau da yawansu ba su da zaure. Daga get sai wurin aje mota, sai baranda, sai falo. Baƙon da a da zai tsaya a zaure, yau cikin gida sosai yake shiga. Kujerun kushin sun ɗaga mazaunin mutane daga ƙasa. Daɓe ya koma siminti, siminti ya samu leda, leda ta ba kafet wuri, yanzu kuma tayil ake yayi, mai ƙyalli irin na banki da na ofis. Mutumin da ya saba taka irin wannan tayil da takalmi daga Litinin zuwa Juma’a, ƙafarsa ba ta jin wani bambanci idan ta gan shi a gida. Babu gefen tabarmar da zai tsayar da shi.

Takalmin ma ya canza. Faɗe da silifas zame su ake yi ba tare da an sunkuya ba, mutum na sallama ƙafarsa na fita. Sau-ciki mai igiya da safa kuwa sai an duƙa, wani lokaci sai an nemi abin dafawa. Babbar riga ga tumbi ga igiyar takalmi, aiki ne.

Sai dai rayuwarmu ba ta hau kujera gaba ɗaya ba. A wannan falon mai tayil ake shimfiɗa leda a yi buɗa-baki da azumi. A nan mai gida ke nafila idan ya dawo daga masallaci, a nan ’yan biki ke kwana jere, a nan jariri ke koyon rarrafe yana tsintar duk abin da ya gani yana kai wa baki. Falon ya yi kama da na Turawa a ido, amma amfanin da ake yi da shi na ɗakin kakanninmu ne. Baƙo yana ganin kamannin, matar gida kuma ita ta san amfanin, tunda ita ke shara.

Da tsafta ce kaɗai a cikin maganar, da an gama. Amma tuɓe takalmi a ƙasar Hausa yana da wata ma’ana ta biyu da ta fi ta farko nauyi a zukatan mutane, wato girmamawa. Yaro ba ya gaida surukinsa da takalmi a ƙafa, ko da a kan turɓaya suka haɗu. Ɗalibi yana tuɓewa tun daga nesa kafin ya durƙusa gaban malaminsa, idan malam ya tashi kuma a yi rige-rigen gyara masa nasa. A ƙauyuka har yanzu akwai matan da idan za su gifta majalisar maza sai su cire takalmi su riƙe a hannu, sai sun wuce su mayar. A fadar Anka ko ta Gusau ko ta Ƙauran Namoda, mai zuwa gaisuwa a waje yake barin takalminsa. A duk waɗannan wurare ba ƙasa ake karewa daga datti ba. Sau da yawa ma ƙasar ta fi takalmin datti. Na ƙasa ne yake nuna wa na sama cewa ya san matsayinsa. Dattijon nan na Maru da ya tako siminti mai zafi, irin wannan tuɓewar ya yi, kodayake a shekaru ya haifi mai gidan. Gida mai get da mota ya gani, ya ba shi girman da yake ba gidan hakimi. Abin ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba.

Tunda al’adar tana da alaƙa da matsayi, dole ta shiga siyasa. Turawan mulkin mallaka, bayan sun ci Sakkwato a 1903, sun tarar da ita sun kuma ji daɗinta: talaka ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban Di’o da Razdan, su kuwa su shiga inda suka ga dama da nasu. Da aka kafa jam’iyyar NEPU a Kano a 1950, ƙin faɗuwa gaisuwa da ƙin tuɓe takalmi gaban masu sarauta sun zama cikin alamomin da ake gane ’yan sawaba da su. Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar yanzu, Turawan Ingila sun ƙi cire takalmi a wuraren ibadar mabiya addinin Buddha, rigimar ta yi tsanani a wajen 1919, ta kuma zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar neman ’yancin ƙasar. Saboda haka idan ka ga ɗan boko yana jin nauyin tuɓe takalmi a gidan wani, kada ka yi saurin cewa rashin tarbiyya ne kawai. Akwai wani tsohon tunani a ƙarƙashi, cewa mai tuɓewa shi ne ƙarami.

Daga nan ne “shigo da abinka” ta samo asali. Baƙo ya sunkuya zai tuɓe, yana cewa da jikinsa, na girmama gidanka. Mai gida ya ce a’a bar su, yana mayar masa da girman, wato ka fi ƙarfin ka tuɓe mini. Kara ce. Ɗaya take da “bismilla” da mai cin abinci ke yi wa mai wucewa a hanya. Amsar da ake jira ita ce “alhamdu lillahi, na ƙoshi”, ba a jiran mutum ya nemi ruwan wanke hannu. Amsar “shigo da abinka” ita ce baƙo ya yi murmushi ya ce “a’a, ba komi” ya ƙarasa tuɓewa. Kowa ya ba kowa girma, kafet kuma ya tsira. Amma wannan wasa sai da mutum biyu da suka san ƙa’idarsa. Idan ɗaya ya manta, ko ya yi kamar ya manta, mai gida ba shi da bakin magana, tunda da bakinsa ya faɗa.

Lura kuma da waɗanda ake yi wa wannan kara. Ba a yi wa almajiri, ba a yi wa mai kawo ruwa, ba a yi wa ɗan ƙanen mai gida. Manya ake yi wa: mai kuɗi, mai muƙami, ɗan siyasa, jami’i mai kaki. Dokar da aka kafa don kare shimfiɗa ta wayi gari tana aiki a kan masu silifas kaɗai, masu sau-ciki kuma an yafe musu. Ni a nan ne nake ganin al’adar ta karkace, domin ƙasan takalmin darakta da na almajiri titi ɗaya suka taka.

Mutane da yawa suna ɗauka addini ne ya wajabta tuɓewar, har su kawo ayar Suratu Ɗaha, aya ta 12, inda Allah ya umurci Annabi Musa (AS) ya tuɓe takalmansa domin yana kwari mai tsarki na Ɗuwa. Maƙwabtanmu Kiristoci ma suna da labarin a littafin Fitowa, sura 3 aya 5. Ayar tana nuna cewa tuɓe takalmi alamar girmama wuri ce tun zamanin annabawa, amma ba hukunci ba ce a kan shiga gidajen mutane. Abin da Alƙur’ani ya shar’anta game da shiga gidan wani yana Suratun Nur, aya ta 27: neman izini da sallama. Hadisi ya ƙara da cewa neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba a juya.

Game da takalmin kansa, abin da ya tabbata zai ba wasu mamaki. Anas ɗan Malik (RA) ya tabbatar da cewa Annabi (SAW) yana salla da takalmansa, Buhari da Muslim duk sun ruwaito. A ruwayar Abu Dawud, wata rana ya tuɓe su yana tsakiyar salla, sahabbai suka tuɓe nasu. Da aka idar ya gaya musu Jibrilu ne ya sanar da shi akwai ƙazanta a jikinsu, ya kuma umurci mai zuwa masallaci ya duba takalminsa, in ya ga ƙazanta ya goge a ƙasa ya yi salla da shi. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a nan, sun yi sauƙi ƙwarai: taɓon ruwan sama na kan hanya an yi rangwame a kansa, takalmin da ya taka kashin jaki ko na doki idan aka goge shi an yi rangwame, kashin dabbar da ake cin namanta kuwa, irin saniya da akuya, ba najasa ba ne muddin ba ƙazanta take ci ba. Shi ya sa a sallar jana’iza za ka ga wasu da takalmansu, wasu sun zame sun taka a kai.

To me ya sa ba mai shiga masallacin Juma’a da takalmi yau? Saboda masallacin Madina na wancan zamani yashi ne da tsakuwa, namu kuwa darduma ce da aka saya da kuɗin jama’a. Hukuncin tsarki bai canza ba, shimfiɗa ce ta canza. Tsarki daban, tsafta daban. Wanda ya fito daga kara ranar kasuwa da kashin shanu a takalmi, sallarsa ta inganta, amma ba matar da za ta yarda ya taka mata kafet. Abin da addini ya ɗora wa baƙo a nan shi ne kada ya cutar, kuma kada ya yi abin da mai gida bai yarda ba a cikin gidansa. Izinin da aka bayar don kunya kuwa, kowa ya san ba ɗaya yake da wanda aka bayar da zuciya ɗaya ba.

Ta fuskar lafiya, masu bincike a ƙasashen waje sun sha gano ƙwayoyin cuta na hanji a ƙasan takalma, kodayake likitoci da yawa na cewa haɗarin ga babban mutum mai lafiya kaɗan ne, wanke hannu ya fi muhimmanci. Na yarda. Amma titin da suka auna ba irin namu ba ne. Mu muna da kwatoci a buɗe, da bahaya a fili a bayan gari, da ruwan damina da ke kwaso komai ya malala kan hanya, ga kwalara da ke leƙo mu lokaci-lokaci. Babban mutum mai lafiya kuma ba shi ne abin damuwa ba, ɗan wata tara ne da ke lasar tafin hannunsa.

Mu a Zamfara muna da wani dalili da ya fi wannan ɗaci. A watan Maris na 2010 ma’aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, suna suma suna jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce. Farashin zinari ya tashi, mutane sun koma haƙa, duwatsun da ake haƙowa kuma cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi ɗakuna, ta bi tabarmi. Yara fiye da 400 suka rasu, akasarinsu ’yan ƙasa da shekara biyar, a Dareta da ’Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da maƙwabtansu. Dubbai suka sha magani, wasu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. A wasu wuraren an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma’aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai 400 ne. Maganin da aka yi wa ƙauyukan shi ne a kankare ƙasar saman kowane gida a kwashe, a kawo sabuwa a zuba. Bagega, wadda ta fi girma, sai a 2013 aka yi mata, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya.

Ba takalmi ne ya jawo wannan masifa ba, sarrafa dutse a cikin gida ne. Amma bayan an tsabtace gidajen, babban abin tsoro shi ne gubar ta sake dawowa, kuma cikin hanyoyin dawowarta akwai jikin mai haƙar kansa: rigarsa, gashinsa, ƙafarsa. Shi ya sa aka riƙa jan kunnen masu aikin su yi wanka su canza kaya kafin su shiga wurin iyali. Dalma ba ta wari, ba a ganinta, kamar sauran ƙura take. Darasin ya wuce masu haƙar zinari. Mai gyaran batirin mota, da makanike, da mai fenti, da manomin da ya wuni yana feshin maganin ciyawa a gonakin Bakalori, kowannensu na iya kai wa ’ya’yansa abin da bai sani ba a ƙasan takalminsa. Kuma galibi ba baƙo ba ne ke yin wannan, mai gidan ne da kansa, wanda ba mai iya ce masa tuɓe.

Duk da haka, baƙon da ke noƙewa ba kullum girman kai ke damunsa ba. Da hunturu ƙafa kan yi kaushi, dunduniya ta yi faso, mutum na jin kunyar fito da ita a kan tayil mai ƙyalli gaban jama’a. Wanda ya wuni cikin sau-ciki a zafin watan Afrilu ya san abin da zai tashi idan ya cire, gara masa a ce ya taka kafet da a ce ya cika falo da wari. Wani safarsa ce ta huje a babban yatsa. Waɗannan na dariya ne, amma akwai na gaske. Likitoci na hana mai ciwon suga tafiya ba takalmi, domin ƙafarsa kan mutu ta daina jin zafi, ƙaramin yanka ya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Akwai tsohon da gwiwa ba ta barinsa ya duƙa, akwai wanda shan inna ya taɓa yake sa takalmi na musamman. Mai gyaran wuta kuwa, takalminsa mai ƙasan roba kariya ce gare shi. Wanda ya sa shi ya tsaya kan tayil ba takalmi yana taɓa waya, ya saka ransa a haɗari saboda shara. Sai tsoron ɓarayi da masu musanya a gidan biki, wanda duk mai zuwa masallacin Juma’a ya san shi, da kunamar da kan shige takalmin da aka bari a waje da dare.

Masu gida ma suna da nasu laifin. Na shiga gidajen da aka sa ni na tuɓe, na taka shinkafar jiya da wani danshi da ban so na san asalinsa ba, na fito tafin ƙafata ya fi takalmina baƙi. Na ga gidan da ake tsare baƙo a kan takalmi, amma yaran gida na fitowa daga bayi da silifas su bi ta kan kafet ɗin a guje. Na kuma ga mai gidan da ke yawo da takalminsa a falo, baƙi na zaune ƙafa ba komai. Wannan ya tashi daga tsafta ya koma fada. Mutanen Japan, da suka fi kowa suna a wannan al’ada, suna gina ɗan wuri mai gangare a bakin ƙofa musamman don tuɓewa, da silifas na cikin gida, da wani daban na bayi. A Turkiyya ma ana miƙa wa baƙo silifas. Ba su tsaya ga kafa doka ba, sun yi wa dokar tanadi. Mu mun rushe zaure, ba mu sa komai a madadinsa ba, sannan muna fushi da baƙon da bai gane iyakar da ba mu shata ba.

Ra’ayina dai, baƙo ya tuɓe. Ya tuɓe ko da an ce ya bari, sai fa in yana da larura, in kuwa yana da ita ya faɗa, ba abin kunya ba ne: “Ku yi haƙuri, likita ya hana ni cirewa.” Ba gidan da zai ƙi wannan. Idan ya ga takalma a bakin ƙofa, an riga an ba shi amsa. Idan bai gani ba, ya dubi ƙafar mai gida. Asarar wanda ya tuɓe a inda ba a bukata ’yan daƙiƙu ne, wanda ya shiga da shi a inda ba a so kuwa ya bar wa matar gida aiki da ɓacin rai, kuma ba za a taɓa gaya masa ba, sai dai a riƙa ba da labarinsa. Girman mutum ma ai ya fi fitowa idan an ce ya bari ya ƙi bari. Na taɓa ganin wani babban malami ya zo duba maras lafiya a wani ɗaki mai ledar da ta yayyage, mai ɗakin na rantsuwa kada ya cire, shi kuwa ya riga ya cire yana tambayar jikin.

Amma nauyin da ya fi girma yana kan mai gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo bai san akwai jariri ba, bai san nan ake salla ba. Karar da za ta sa ka faɗi abin da ba ka nufi, sannan matarka ta biya kuɗinta da tsintsiya, ba ta da amfani a gidan da ba zaure. Ba sai an ce wa mutum “cire takalminka” gatsau ba. Hausa ba ta rasa hanya ba: “Ga wuri nan, Alhaji, a aje su a inuwa.” Ko a tura yaro ya karɓa ya gyara, wanda shi kansa girmamawa ne. Su yara ma ba su da wannan matsala. Na ji ’yar shekara huɗu ta gaya wa wani mai babbar riga, “Baba, Mama ta hana,” ya kuwa yi dariya ya koma ya tuɓe.

Matar yayana ba ta sake tayar da maganar ba. Bayan sati biyu na je gidan na tarar ta sa kafinta ya yi ɗan benci an aje a baranda daidai bakin ƙofar falo, ta shimfiɗa tsohuwar darduma a gabansa, ta jera takalman Alhaji biyu a gefe, har da wanda yake zuwa ɗaurin aure da shi. Akwai buta da ruwa a kusa, da silifas sababbi guda biyu a cikin kwando. Yayana kuwa har yau bakinsa bai daina “ranka ya daɗe, shigo da abinka” ba. Sai dai na lura yanzu yakan ɗan jinkirta fitowa tarbar baƙo, sai ya ji ƙarar bencin, ya tabbata an riga an cire ƙafa ɗaya.